Allo a Cinya, Hazo a Gaba: Tuƙa Ƙaramin Jirgi da Manhajar Taswira a Samaniyar Kano

Laccar da aka gabatar a wani zauren taro da ke Nassarawa GRA, Kano



Shugaban wannan zama, iyayenmu da ke sahun gaba, abokan aikina matuƙa jirgi da ma'aikatan hasumiya, da ku ƙannena ɗalibai da kuka cika bayan zauren, barkanmu da yamma. Na gode da kuka bar harkokinku kuka taho sauraron magana a kan abin da bai fi girman littafin makaranta ba.

Ina nufin kwamfutar hannun nan, iPad da 'yan'uwanta, wadda matuƙin ƙaramin jirgi ke ɗaurawa a cinya ko ya maƙala a gefen gilashi, da manhajar taswira da ke cikinta. Bari in faɗi matsayina tun da wuri. Ina aiki da ita, ina koyar da ita, kuma da za a ce in nuna abu guda da ya fi sauƙaƙa wa matuƙin ƙaramin jirgi aiki a zamanin nan, ita zan nuna. Amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Na'urar nan ta amsa tambayar da ta hana matuƙa sakat tun farkon tashin jirgi, wato "ina nake?" Ta amsa ta sarai, har wasu sun manta cewa a samaniyarmu ta Arewa akwai tambaya ta biyu da ta fi ta nauyi: "yau ranar tashi ce?" Wannan kuwa babu manhajar da za ta amsa maka.

Garin nan ya daɗe da sanin wahalar tambaya ta farko. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku ƙirar DH.9A na sojan saman Ingila suka sauka a filin wasan dawakai na Kano, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Sun baro Helwan, kusa da Alƙahira, ranar 27 ga Oktoba, suka biyo ta Hartum da Alfashir da garin da yau ake kira Injamena. Kayan aikinsu na neman hanya bai wuce taswirar takarda, kamfas, agogo da idanu ba. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano. Da yaƙin duniya na biyu ya yi zafi, daga 1940 aka riƙa harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi ta ƙasar Gana, a biyo da su ta Legas, Kano da Maiduguri har Masar, dubbai daga cikinsu. Ƙananan masu kujera ɗaya ba su da gurbin masanin hanya, don haka sai a haɗa su rukuni, a sa jirgi guda mafi girma a gaba, mai ɗauke da mutum ɗaya da aikinsa kawai lissafin hanya, sauran su bi shi.

Kakanninmu fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sun san wannan tsari. Ayari yana da jagaba, wanda ya san kowace marararraba da kowane mashigin rafi. Amma ba jagaba ke cewa a ɗaura kaya ko a ƙara kwana a zango ba, wannan hukuncin madugu ne. Abin da aka ba ku a cikin allon nan jagaba ne, gwani ƙwarai. Madugun kuwa kai ne da ke riƙe da sandar tuƙi.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Taurarin GPS na Amurka, kimanin 30, suna kewaya duniya a nisan kilomita 20,200, kowanne yana aiko da saƙon lokaci da inda yake. Na'urarka ba ta aika musu komai, sauraro kawai take yi, in ta ji huɗu ta san inda take. Rasha na da nata taurarin, GLONASS, Turai na da Galileo, Sin na da BeiDou. Don soja aka yi GPS tun asali. Bayan an harbo jirgin fasinjan Koriya ta Kudu a 1983, wanda ya kauce hanya ya shiga samaniyar Tarayyar Sobiyet, mutum 269 suka halaka, sai Shugaba Reagan ya yi alkawarin buɗe shi ga farar hula. A watan Mayun 2000 Amurka ta daina gurɓata siginar da gangan, kuskuren ya sauko daga kusan mita 100 zuwa 'yan mitoci. Da iPad ta fito a 2010 sai aka samu allo mai faɗin da zai ɗauki taswira, manhajoji suka bunƙasa: ForeFlight ta Amurka, wadda ba ta aiki sai a kayan Apple, da Garmin Pilot, da SkyDemon ta Ingila, da Air Navigation Pro ta Suwizalan. Zuwa 2013 kamfanin American Airlines ya sauke wa matuƙansa jakar takardu mai nauyin kusan kilo 16, ya ba su allo.

Abu biyu ɗalibai ke yawan rikitawa a nan. Sanin inda kake ba ya buƙatar data ko sabis, amma taswirar kanta sai ka sauke ta tun kana ƙasa, in ba haka ba za ka ga hoton jirginka yana yawo a kan farin fili. Sannan iPad ɗin da ba ta da gurbin layin waya ba ta da GPS a cikinta ko kaɗan. A gida za ta nuna maka unguwarku daidai, domin tana kintata daga intanet ɗin da ke kewaye da ita. Kana barin ƙasa ta makance. Mai irin wannan sai ya sayi ƙaramar na'urar GPS daban ya haɗa su. Ku bincika kafin ku biya kuɗi a kanti.

Yanzu mu ga alherinta a aikace. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Zariya, inda Kwalejin Fasahar Jiragen Sama take tun 1964, mil 74 ne, da mil ɗin da muke aiki da shi a sama mai mita 1,852, alƙibla kuma kudu maso yamma, wajen digiri 222. A ce jirginka yana yin mil 110 a awa, iskar hunturu kuma tana kaɗowa daga arewa maso gabas da ƙarfin mil 15. Zuwa Zariya tana bayanka, tana tura ka, za ka isa cikin minti 36. Dawowa kuwa kai da ita gaba da gaba, sai ka ci minti 47. Hanya ɗaya, jirgi ɗaya, amma man da za ka sha ya bambanta. In kuma Katsina ka nufa, mil 76 arewa maso yamma, iskar nan ta dama za ta riƙa bugunka. In ba ka karkata hancin jirgi wajen digiri 8 cikinta ba, lokacin da agogo zai ce ka iso, Katsina tana can mil goma a damanka. Da can wannan lissafi da fensir da faifan lissafi ake yinsa, a kan tebur, sannan a sake shi a sama in iska ta saɓa. Yau manhaja tana yinsa kan ka ce kwabo, kuma tana gyara shi kowane daƙiƙa.

Ba nan ta tsaya ba. Tana lissafa maka nauyin fasinja da kaya da mai, ta gaya maka ko jirgin ya rinjaya gaba ko baya. Tana tuna maka abin da zafi ke yi wa iska. Filin jirginmu yana kan tsayin ƙafa 1,560 daga teku, amma ranar da zafi ya kai digiri 40 iska tana yin sirara har inji da fikafikai su ji kamar suna kan ƙafa kusan 5,000, gudu a kan titi ya ƙaru, hawa ya ragu. In ka nufi Jos, ka wuce Tiga da dajin Falgore, ƙasa na tasowa a hankali har filin Heipang da ya haura ƙafa 4,000, ga tsaunukan Shere masu mita 1,829, allon zai rina maka tudun da ya fi ka tsawo da ja. In inji ya tsaya, wasu manhajojin suna zana da'irar iyakar inda za ka iya kaiwa da lilo. Wanda ya taɓa neman ƙaramin fili da taswirar takarda a buɗe a cinya, jirgi na girgiza, rediyo na kira, ba zai raina wannan ba. Ni ban raina ba.

To ina matsalar take? Tana cikin watannin da muka fi sani, daga Nuwamba zuwa Maris.

Ƙurar da ke rufe mu tana tasowa ne mafi yawa daga kwarin Bodele a arewacin Cadi, wajen Faya, busasshen gindin tsohon tafki. In iska ta tashe ta can, cikin kwana ɗaya ko biyu ta iso Kano. Ku da kuke ƙasa kun san ranar da ake tsayawa a Ƙofar Mazugal ba a ganin kan Dala sosai. A sama abin ya fi haka muni, kuma ta hanyar da ba a zata ba. In ka dubi ƙasa kai tsaye ta gefen fiffike za ka ga gonaki da rufin kwano, sai zuciyarka ta ce ai ana gani. Ka ɗago ka dubi gaba, babu komai sai fari mai ruwan ƙasa. Layin da ya raba sama da ƙasa ya ɓace. Wannan layin kuwa shi ne abin da matuƙin da ke tashin gani-da-ido yake daidaita jirginsa da shi, ko ya sani ko bai sani ba.

In layin nan ya ɓace, jiki yana fara ƙarya. Abin da ke cikin kunne mai gaya wa mutum ko a miƙe yake ko a karkace, a kan ƙasa aka halicce shi ya yi aiki. In jirgi ya kwanta a hankali, kunne ba ya ji. In ka daɗe cikin kwana, sai ya ɗauka a miƙe kake, ka gyara kuma ya ce ka karkace. A 1954 Jami'ar Illinois ta gwada matuƙa 20 da ba su koyi tashi da agogunan jirgi kaɗai ba, aka rufe musu ganin waje. Dukkansu jirgi ya ƙwace musu, a matsakaicin lokaci na daƙiƙa 178. Ko minti uku bai cika ba. Ranar 16 ga Yulin 1999 John Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, ya faɗa teku da ƙaramin jirginsa ƙirar Piper Saratoga, da matarsa da 'yar'uwarta, cikin dare mai hazo. Bai ɓata hanya ba, saura 'yan mil ya isa tsibirin da ya nufa. Sanin inda yake bai hana jirgin kifewa ba.

Ga inda allon ke shigowa, kuma ina roƙon ku saurare ni da kyau a nan. A zamanin takarda, hazo yana hana mutum tashi tun daga ƙasa, domin ya san in bai ga titin jirgin ƙasa ko kogi ba zai ɓata. Tsoron ɓata yana tsare shi daga abin da ya fi ɓata. Yau an cire wannan tsoron. Matuƙi yana duban allo ya ga layin hanyarsa a shimfiɗe, ga ɗan hoton jirginsa a kai daram, ga mintin da ya rage. A kan allo kullum garau ne, babu hazo a cikinsa. Sai ya ce ai na san inda nake, ya kutsa. Dokar tashin gani-da-ido a ƙasa da ƙafa 10,000 tana neman nisan gani na kilomita 5, kuma ba don kada ka ɓata kawai aka sa ta ba. An sa ta don ka ga layin sama da ƙasa, ka ga wani jirgin, ka ga dogon ƙarfen sabis da ke gabanka. Wasu manhajojin suna zana maka hoton ƙasa da layin nan na roba, in ka haɗa su da wata ƙaramar na'ura. Wannan abin ceton rai ne ranar da agogunan jirgi suka lalace. Ba lasisin shiga hazo ba ne ga wanda bai koyi tashi da agogo ba.

Haka maganar faɗuwar rana. Mu nan kusa da tsakiyar duniya muke, tsakanin faɗuwar rana da duhu bai fi minti ashirin da 'yan kai ba, in da ƙura ma bai kai ba. Da yawanku kun tuna hatsarin marigayi Gwamna Danbaba Suntai na Taraba, ranar 25 ga Oktoban 2012, da jirgi ƙirar Cessna 208 da yake tuƙawa da kansa ya faɗi kusa da Yola. Ba maganar kwamfutar hannu ba ce a wannan hatsari. Na kawo shi ne domin cikin abubuwan da rahoton masu bincike ya ambata har da yin tafiyar gani-da-ido bayan rana ta faɗi. Manhaja za ta gaya maka mintin da rana za ta faɗi a Yola ko Sakkwato ba kuskure. Ba za ta riƙe hannunka ta hana ka tayar da inji ƙarfe biyar ba.

Na san nauyin da ke kan matashin matuƙi. Ga Alhaji ya biya kuɗin shata, ga ɗaurin aure ko taro na jiransa, ya leƙa allonka ya ce, "Kyaftin, ba ga hanya nan tana nunawa ba?" Ƙannena, ku koyi faɗin wannan jimla tun kuna makaranta, cikin ladabi, ba tare da in-ina ba: "Ranka ya daɗe, hanya tana nan, amma yau ba a gani, ba za mu tashi ba." Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Iyayenmu da ke nan masu hawa irin waɗannan jirage, in yaro ya gaya muku haka, ku riƙe shi da kyau, kun samu matuƙi.

Sai damina. A Amurka akwai tashoshi a ƙasa da ke aika wa ƙananan jirage hoton hadari da rahoton yanayi kyauta suna cikin tafiya, manhajojin nan kuma da wannan ni'ima a zuciya aka gina su. Mu ba mu da wannan tsarin. Yanayin da ke kan allonka shi ne wanda ka sauke kafin sabis ya yanke, wataƙila awa guda ko biyu da suka wuce. Hadarinmu kuwa daga gabas yake tasowa, a jere, da iska mai ƙura a gabansa, kuma rabin awa ya ishe shi ya sauya komai. Ranar 24 ga Yunin 1956 jirgin kamfanin BOAC ƙirar Argonaut ya tashi daga filin nan namu, hadari na kusa, iska ta juya masa farat ɗaya, ya kasa hawa ya bugi itace, mutum 32 suka mutu. Babban jirgi ne mai inji huɗu. Ku kwatanta da namu mai inji ɗaya. Don haka rahoton hukumar yanayi ta NiMet kafin tashi, da tambayar hasumiya ta rediyo kana tafe, da duban gabas da idonka, babu wanda allo ya ɗauke maka a ciki.

Akwai kuma abin da taswirar kanta ba ta sani ba. Bayanan jiragen sama a duniya duk kwana 28 ake sabunta su, wanda bai sabunta nasa ba da tsohon labari yake tafiya. Ko ka sabunta, manhaja ba ta ƙirƙirar bayani, abin da hukumomin ƙasa suka wallafa take kwasowa, a wurinmu NAMA. Waɗannan kamfanoni sun fi ba da ƙarfi a Amurka da Turai inda masu sayensu suke. Buɗe taswirar kudancin Ingila ka ga yadda ta cika da alamu, sannan ka jawo ta zuwa tsakanin Haɗeja da Nguru. Farin da za ka gani ba yana nufin babu komai a wurin ba. Ƙarfen sabis nawa aka kafa a ƙauyukanmu cikin shekara ashirin da suka wuce? Ga manyan wayoyin lantarki da suka taho daga Kaduna zuwa Kumbotso. Wanda ya fi kowa shiga wannan hatsari shi ne matuƙin jirgin feshi, mai bin tsuntsayen jan-baki a fadamun Haɗeja ko Kebbi, domin aikinsa ƙasa-ƙasa ne, kuma da magariba, lokacin da tsuntsayen suka koma makwanci. GPS yana kai shi kan makwancin daidai, wannan gaskiya ne, amma wayar da ke tsakani sai wanda ya taka wurin da rana ya gan ta.

Samaniya ma tana rufewa dare ɗaya. A watan Maris na 2021 gwamnatin tarayya ta hana shawagin jirage a Zamfara. A watan Agustan 2023 Nijar ta rufe samaniyarta bayan juyin mulki, ga shi kuwa daga Katsina zuwa kan iyaka tafiyar 'yan mintoci ce. Irin wannan labari ta sanarwar NOTAM yake zuwa, kuma wajibinka ne ka karanta ta a ofishin bayanai na filin jirgi, kada ka dogara cewa ta shigo allonka. Sauran jirage ma haka. Filinmu na Kano muna raba shi da manyan jiragen fasinja da jiragen horo na sojan sama masu gudun gaske. Allo ba ya nuna jirgi sai wanda ke sanar da kansa da na'ura, kai ma sai kana da abin karɓa. Shirwa da ungulu kuwa ba su sanar da kowa.

Bari in ba ku abin da na gani da idona game da zafi. Wata rana cikin Afrilu, bayan azahar, muna tafe daga Kano zuwa Zariya da wani ɗalibi mai ƙwazo, a tsohon jirgi marar taswira a gaban matuƙi. Allonsa na cinya cikin baƙar riga ta roba, caja a jone, rana na dukansa ta gilashi. Mun haye kogin Challawa ba da daɗewa ba sai taswira ta ɗauke, allo ya yi baƙi, ya bar hoton ma'aunin zafi kawai. Yaron ya danna, ya sake dannawa, ya juya shi, ya hura masa iska da baki. Duk wannan lokaci kansa na sunkuye. Ina kallon fiffiken hagu yana sauka a hankali, hanci ya bi shi, allurar tsayi ta fara komawa baya.

Ya ce, "Malam, ta mutu."

Na ce, "Jirginka lafiyarsa ƙalau. Ɗago kanka, daidaita fikafikai tukuna." Ya ɗago, ya ga yadda muka kwanta, ya gyara. Na ce, "Ƙarfe nawa muka tashi?" Ya duba takardar da ya rubuta, ya ce minti goma sha biyu ke nan. "Wace alƙibla ka riƙe?" Ya faɗa. "To mil nawa muka ci, me ya kamata ya kasance a ƙarƙashinmu?" Ya yi shiru yana lissafi da leɓe, ya ce wajen mil 22, ya kamata Madobi na kusa. Ya ɗan kwantar da fiffike ya leƙa, sai ga titin jirgin ƙasa ya miƙe siriri cikin jar ƙasa, ga rufin garin na ƙyalli a gefensa. Na ji numfashinsa ya sauka a cikin abin kunne. Muka cire wa allon riga, muka zare caja, muka sa shi a inuwa kusa da hancin iska, bayan ɗan lokaci ya farfaɗo.

Kamfanin Apple da kansa ya rubuta cewa na'urar an yi ta ta yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35. Inuwar Kano a Afrilu ta wuce haka, balle cikin gilashi. Ba lalacewa ta yi ba, kare kanta ta yi, kuma za ta sake yi wa duk wanda ya bar ta a rana. Amma ku lura da abin da ya kusa cutar da mu. Ba ɓata ba ne, domin ba mu ɓata ba. Sunkuyar da kai ne. Allo mai rai ma yana jawo wannan, wataƙila fiye da matacce, saboda yana da abin kallo.

Sauran ƙananan abubuwa zan bi su da sauri. Akwai maganaɗisu a jikin allon da rigarsa, in ka ajiye shi kusa da kamfas zai karkatar da allura. Tsayin da GPS ke nunawa ba shi ne wanda hasumiya ke raba jirage da shi ba, ita da ma'aunin nauyin iska take aiki, don haka lambar da ta ba ka ita za ka sa, agogon jirgi za ka bi. GPS ɗin da aka ƙera a jikin jirgi yana binciken kansa, ya yi gargaɗi in siginar ta gurɓace, na cinya kuwa yakan ci gaba da nuna wuri ko da ba daidai ba ne, kuma a 'yan shekarun nan toshe siginar da ruɗar da ita da gangan ya yawaita a Gabas ta Tsakiya da gabashin Turai. Batirin da ya kumbura kada ya shiga jirgi. Sannan manhaja za ta nuna maka fili, ba za ta tabbatar maka akwai man jirginka a can ba. Man ƙananan jirage masu fistin yana da wuyar samu a ƙasar nan, shi ya sa irin Diamond DA40 da ke shan man manyan jirage suka dace da mu. Buga waya kafin ka tashi, kuma ajiyar minti 30 da doka ta ce ka sauka da ita da rana, ka ɗauke ta a matsayin mafi ƙaranci.

Abin da nake nema daga ɗalibina kafin in sa hannu ya yi doguwar tafiya shi kaɗai ba shi da yawa. Ya tsara tafiyar a allo, sannan ya kwafe alƙibla da mil da minti na kowane zango a takarda da hannunsa, ya ja layin a taswirar takarda. Ya rubuta, tun yana ƙasa, nisan ganin da in ya gaza haka zai juyo, da ƙarfen da in ya wuce ba zai tashi ba. A sama ya fara duban waje ya ce ga inda nake zato muke, sannan ya tambayi allo ko haka ne. Kuma a tafiyar gwaji, wani wuri da bai sani ba, zan miƙa hannu in kife allon, ya kai ni Zariya ko Katsina da agogo da kamfas. Wanda ya yi haka, na yarda ya more na'urarsa iyakar morewa.

Magana ta ƙarshe ga hukumomi da jami'o'inmu take. A takardun jiragen sama na duniya, samaniyar Nijeriya gaba ɗaya sunan Kano take amsawa, yankin bayanan jirage na Kano ake ce mata. Bai dace garin da ke da wannan suna ya zama farin fili a taswirar ƙananan jirage ba. Doka ta riga ta ce duk mai kafa dogon ƙarfe ya nemi izinin tsawo daga hukumar kula da jiragen sama ta NCAA, ke nan wurin kowane ƙarfe mai izini da tsawonsa suna rubuce a wani ofis. Abin da ya rage shi ne a tattara su, a tantance, NAMA ta wallafa su a sigar da manhajoji za su iya ɗauka, tare da sabuwar taswirar gani-da-ido ta Arewa mai nuna madatsun ruwa, da manyan wayoyin wuta, da sababbin titunan jirgin ƙasa da ake shimfiɗawa zuwa Kaduna da Maraɗi. Ɗaliban labarin ƙasa da na kwamfuta a Jami'ar Bayero da ta Wudil za su iya aikin auna wuraren nan da tantance su, jiha bayan jiha, in an ba su dama da kayan aiki. Mu matuƙa kuma, duk wanda ya ga ƙarfe ko waya da ba ta cikin taswira, ya danna wurin a allonsa ya adana, in ya sauka ya kai rahoto a rubuce.

Shugaba, a nan zan dakata, sauran lokacin na masu tambaya ne.